Hannun Da Ke Sa Giris

Tsohon direban, mazaunin Birni a Damagaram, bai taɓa yarda wani ya taɓa masa rulman ƙafar Hiace ɗinsa ba, wato abin da makanikan Kano ke kira boris. Da zarar ƙafar gaba ta fara gurnani, sai ya ɗage ta a ƙofar gida, ya zare fil, ya kwance noti, ya wanke rulman da kananzir. In ƙarfen ya yi shuɗi, zafi ya cinye shi. Sai a sauya shi tare da zoben da yake birgima a kai.

Wurin sa giris ne ba ya gaggawa. Yakan tara shi a tafin hannu, ya riƙa danna faffaɗan bakin rulman a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafawa a waje kawai, a ganinsa, yaudara ce. Noti kuwa, yana juya ƙafar yana ɗaurewa, sannan ya sassauta kaɗan, domin matsi ma yana ƙona rulma, kuma ƙafar nan ce za ta kai fasinjoji Tanut cikin yashi.