Bayan Hayaƙi Ya Lafa

A Kawo ta Kaduna, inda hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojojin ƙasa take, an saba ganin bindigar zamani a kafaɗa, har ana ganin harbi-ka-ruga ta maharbi kamar kayan wasa. Ni kuwa ina ganin mai ita ya fi kowa sanin abin da harbi ke ci. Albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus. Kusan rabinsa ko fiye saura yake a matsayin toka da dauɗa, wani ya bi hayaƙi, wani ya manne a cikin bututun. Wannan baƙar dauɗa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana janyo laima, kuma a daminar Kaduna kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara cin ƙarfen. Shi ya sa kafin maharbi ya nemi tuwo sai ya zuba ruwan zafi, ya tura tsumma da sanda har ruwan ya fito fari, ya busar, ya shafa mai. Ɗuri ma haka yake, harbi ɗaya, sai a tsaya a sake awo.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda Faransa ta samar da albarushi marar hayaƙi tun 1884, ga kamfanin ƙera makamai na DICON kuma a Kakuri tun 1964. Gaskiya ne, sauƙi ya samu, tsohuwar bindiga ma takan fashe a hannun mai ita. Sai dai fashewar ta fi samun wanda ya yi kasalar wanki ko ya zarce awo. Wanda ya san harbi guda zai ja masa aikin yamma sukutum, da wuya ya ɗaga bindiga don kurciyar da ta yi nisa.