Mai Shaidar da Rana ta Dafa

Gidanmu na gado yana cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Kuyambana, kuma kamar yawancin gidajen cikin ganuwa, an gina shi tun kafin a san mota. Akwai zaure, akwai wurin da ake ɗaure doki a da, amma babu inda mota za ta shige. Duk ranar da na je gaida mahaifiyata, a bakin hanya nake ajiye motar, ta wuni tana fuskantar rana tun daga hantsi har la'asar, ni kuwa ina cikin ɗakin ƙasa mai sanyi ina shan fura. Ban taɓa tunanin halin da 'yar kyamarar da na manna a gilashin gaba take ciki ba.

Na sayi kyamarar ne saboda tarbiyyar aikina. Ɗan jarida ya san cewa gani ya kori ji, ya kuma san yadda labari yake sauya kama tsakanin baki da baki. Na ɗauka na samo wa kaina mai shaidar da ba ya mantuwa, ba ya karɓar na goro.

Wata la'asar a watan Afrilun 2024, na baro gida zan nufi Tudun Wada, wata mota ta fito daga lungu kusa da Ƙofar Doka ta daki gefen tawa. Kafin mu fito jama'a sun taru. Mai motar dattijo ne, ya kuma dage cewa ni na shigo masa. Na ce masa, "Alhaji, ba sai mun yi jayayya ba, akwai kyamara." Na zare katin memori da ƙwarin gwiwa, na sa a kwamfutata a kan but ɗin mota, kowa yana leƙe. Bidiyo na ƙarshe da ke ciki na kwana goma sha ɗaya ne da suka wuce, shi ma ya ƙi buɗuwa, kwanan watan da ke kansa kuma na wata shekara ce tun kafin in sayi motar. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Dattawan wurin suka yi sulhu, aka ce in ɗauki rabin gyaran motar Alhaji, in gyara tawa. Kuɗin bai yi mini ciwo kamar yadda aka dube ni ba: kallon wanda ya kira shaida, shaidar ta ƙaryata shi.

Washegari na kai kyamarar wajen wani mai gyaran waya a PZ, cikin Sabon Gari. Ya kwance ta, ya ɗago batirin da ya kumbura kamar fanke, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta daɗe da mutuwa. A rana kake barin ta, ko?" Abin da ya yaudare ni shi ne 'yar fitilarta tana kamawa duk lokacin da na tada mota, domin wutar tana zuwa mata daga motar. Tana kunne, amma ba ta rubuta komai.

Daga nan na fara bibiyar abin da ke faruwa a cikin motar da aka rufe a rana. Hasken rana yana ratsa gilashi ba tare da wani shamaki ba, ya sauka a kan dashbod da kujeru, su kuma su mayar da shi zafi. Wannan zafin ba ya iya fita ta gilashin kamar yadda hasken ya shigo, iskar ciki kuma ba ta da hanyar musanyawa da ta waje. Wani bincike da masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa a 2005 ya nuna cewa cikin sa'a guda zafin cikin mota yakan ƙaru da kimanin digiri 22 a ma'aunin Salshiyas a kan na waje, mafi yawan hauhawar tana faruwa ne a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan ba ya rage wani abin kirki. Sun yi binciken ne saboda yaran da ke mutuwa idan aka bar su a mota, kuma wannan darasin ya fi na kowace kyamara muhimmanci. Yanzu a ɗora lissafin a kan bazarar Zariya, inda zafin tsakar rana a Afrilu kan kusanci digiri 40. Iskar cikin motar za ta kai 60, baƙin dashbod da abin da ke manne da gilashi kuwa sun fi haka nesa. Daidai nan kyamarar take rataye, ita ma baƙa, ba inuwa, ba iska.

Abin da ya fara sarewa shi ne batir. Kyamarori masu araha suna ɗauke da ƙaramin batirin litiyam irin na waya. Aikinsa ba shi da yawa amma babba ne: idan aka kashe mota, shi ke ba kyamarar 'yan daƙiƙoƙin da za ta rufe bidiyon da take ɗauka, shi kuma ke riƙe mata agogo. Irin wannan batir an tsara shi ya yi caji a ƙasa da digiri 45, ya yi aiki a ƙasa da 60. Sama da haka, ruwan sinadarin da ke cikinsa yakan fara lalacewa yana fitar da iska, ita ce ke kumbura shi. Masu ilimin sinadarai suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewar. Ke nan batirin da zai yi shekaru a ƙasa mai sanyi, bazara ɗaya ko biyu ta ishe shi a nan. Idan abin ya ƙazanta yana iya kamawa da wuta. Ko da yake matsalar wayar Galaxy Note 7 da kamfanin Samsung ya janye daga kasuwa a 2016 kuskuren ƙira ce, ta nuna wa duniya abin da batirin litiyam ke iya yi idan ya ɓaci.

Kyamarorin da aka ƙera don ƙasashe masu zafi sun kauce wa wannan ta hanyar sa babbar kapasita a madadin batir. Ita kapasita tana tara wuta ne a saman faranti, ba ta dogara da irin dahuwar sinadaran da batir ke yi ba, don haka ta fi jure zafi, yawancinsu har zuwa digiri 70. Wutar da take riƙewa ta 'yan daƙiƙoƙi ce kawai, amma abin da ake bukata ke nan: a rufe bidiyon ƙarshe, wanda sau da yawa shi ne na hatsarin. Nagartattu daga cikinsu kuma suna kashe kansu idan zafi ya wuce kima, su dawo idan an huce.

Sai katin memori, wanda shi ne ya ƙarasa kunyata ni. Kyamarar mota tana rubutu ne ba hutawa, idan katin ya cika ta goge tsohon bidiyo ta ɗora sabo. Kowane kati yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka, zafi kuma yana gaggauta gajiyarsa. Da yawansu idan sun gaji sukan kulle kansu, a iya karanta abin da ke ciki amma ba a iya ƙara komai. Nawa ya yi haka kwana goma sha ɗaya kafin hatsarin, kyamarar kuma ba ta da ƙarar da za ta sanar da ni. Akwai katunan da aka yi musamman don rubutu mai yawa, sun fi tsada, kuma kasuwarmu cike take da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Hatta idon kyamarar bai tsira ba: idan na roba ne, zafi kan sauya masa siffa kaɗan, hoto ya dusashe har a kasa karanta lambar mota. Robar da ke tsotsar gilashi ita ma takan saki, a tarar da kyamarar tana lilo a jikin waya.

Akwai wani saɓani kuma. Kamfanoni suna tallata cewa kyamara za ta yi gadin mota tana ajiye, ta ɗauki wanda ya goge ta ya gudu. To amma lokacin ajiyar shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani, ba esi, ba iska, ga kuma zafin da na'urar kanta ke fitarwa idan tana aiki. Wutar gadin daga batirin mota take fitowa, don haka sai mai wayarin ya haɗa ta da abin da zai katse wutar kafin batirin ya yi sanyi, in ba haka ba a wayi gari ana turi.

Waɗannan kyamarori sun yi suna a duniya ne daga Rasha, inda direbobi suka rungume su don kare kai daga ƙage da damfarar inshora. Su ne suka ɗauki dutsen da ya faɗo daga sama a Chelyabinsk ranar 15 ga Fabrairu, 2013, cikin tsananin sanyin hunturunsu. Mu ma muna da irin dalilansu na neman shaida a kan hanya, sai dai ba mu da irin yanayinsu. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba a zaɓe su don ranarmu ba, an zaɓe su ne don farashinsu.

Ban daina amfani da kyamara ba. Na sayi mai kapasita, bayan na karanta iyakar zafin da aka rubuta a kwalinta. Na sa mata kati mai jure rubutu, na manna ta a bayan madubin tsakiya inda take samun 'yar inuwa. Idan zan daɗe, ina zare ta in shiga da ita gida. Duk ranar Juma'a kuma ina buɗe katin in kalli bidiyon ranar, in duba kwanan wata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A kotunan Musulunci ba a karɓar shaidar mutum sai an yi masa tazkiyya, an binciki halinsa da lafiyar hankalinsa. Ni na yarda da na'ura wata da watanni ban taɓa bincikar ta ba, saboda kawai fitilarta tana ci. Yanzu idan na isa Ƙofar Kuyambana, nakan wuce ƙofar gidanmu da 'yan taku in ajiye motar a ƙarƙashin dogonyaron maƙwabta. Ranar farko da mahaifiyata ta gan ni na shigo da kyamarar a hannu, ta tambaye ni mene ne. Na ce mata baƙuwa ce, ita ma tana son inuwa. Ta ce to in ajiye ta kusa da randa.