Jikin Ɗan Adam Amana Ne

Duk maganin da mu ke sha a asibiti, sai da aka gwada shi a jikin waɗansu mutane tukuna. Saboda haka gwaji ba laifi ba ne. Amma fa yana da sharaɗi, watau yardar wanda za a gwada a jikinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi wa waɗansu likitocin Jamus shari'a, don sun yi ta gwaji a kan fursunoni ƙarfi da yaji. A 1947 alƙalan suka kafa ƙa'idodi 10 a birnin Nurembag, ta farinsu kuwa ita ce kada a gwada kome a jikin mutum sai ya yarda. A 1964 ƙungiyar likitocin duniya ta ƙarfafa wannan a Helsinki.

Addini ma bai yi shiru ba. A 1952 Paparoma Pius na 12, shugaban Katolika, ya gaya wa likitoci ba su da iko bisa majinyaci sai gwargwadon abin da ya ba su. Shi majinyacin kuma jikinsa ba mallakarsa ba ne, riƙo aka ba shi. Mu ma haka malamanmu suka karantar da mu. Ashe a nan ƙasar Zuru, mu da maƙwabtanmu Katolika bakinmu ɗaya kan wannan magana.

Kada ku ce zancen nesa ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani, Trovan, da yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya ce an gaya musu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Amma zargi ya riga ya shiga zukata, har ya taimaka aka ƙi allurar shan inna a 2003, cutar ta sāke yaɗuwa.

Ni da aikina takarda ne, na san nauyin dangwala yatsa. To, ku da kuka yaƙi jahilci, daga Mahuta har ƙauyuka, in an kawo takarda ku karanta, ku karanta wa wanda bai iya ba. Ku tambaya: magani ne ko gwaji? Mene ne haɗarinsa? In na ƙi, za a yi mini magani? Likitan kirki ba ya ƙin tambaya.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.