Kalmar da Ta Ci Mini Maki

A jarrabawar Turanci, Malam ya ce mu rubuta labarin gonarmu. Na rubuta cewa bara an yi "dry" a garinmu. Ya soke da jan biro, ya sa "drought". Ya ce "dry" bushewa ce kawai, kamar ta wanki a kan igiya. "Arid" kuwa ƙasar da dama can ba ta samun ruwa, irin Sahara. "Drought" shi ne fari, wato ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina.

Maki biyu na rasa, ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne geronmu da ya ƙone bai fid da kai ba, har Baba ya sayar da akuya ya yi mini sayayyar makaranta. Kakata dai ta ce bai kai farin 1973 ba.