Cin Abinci a Kasuwa

A zamanin da, magidanci na ƙauye ba ya son a gan shi yana cin abinci a kasuwa. In an tarar da shi tsugune gaban mai tuwo, sai a ce ko dai ba shi da mata, ko kuwa sun yi faɗa. Matafiyi kan ɗaure gumbarsa cikin burgami, in ya sauka gari kuma mai masauki ya fito masa da akushi. Haka fataken da ke biyowa ta Jega da goron Gwanja suka saba. Amma duk da haka babbar kasuwa ba ta taɓa rasa masu fura da masu tsire ba, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Yau tafiya ta yi sauƙi. Mutumin Jandutsi, cikin ƙasar Jega, kan ɗora albasarsa a mota da asuba ya kai Aliero, ko ya kai shinkafa Jega, ko ya ci kasuwa a Maiyama, ya komo gida kafin lisha. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, aka kuma kafa jami'a a Aliero a 2006, ma'aikata da ɗalibai suka yawaita, rumfunan abinci suka cika bakin titi da tasha.

Wanda ya shiga irin wannan rumfa zai ga benci, da butar wanke hannu, da tukwane jere bisa murhu. Mai abinci ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Na nawa za a zuba?" Shi kuwa ya nuna abin da ya ke so: ko tuwon shinkafa da miyar kuka, ko shinkafa da wake da mai da yaji, ko masa da miyar taushe. Da yawa daga masu ci ba su san barkonon nan da ke sa su gumi, da tumatirin miya, da masarar tuwo, duk baƙi ne ba. Asalinsu nahiyar Amurka, musamman wajen Meksiko, sai bayan 1492 jiragen ruwa suka ƙetaro da su. Har yanzu a Amurka akwai gidajen abincin Meksiko masu suna ɗaya a garuruwa da yawa, inda mai saye ke nuna shinkafa da wake da nama, a naɗe masa cikin gurasa mai faɗi. Watau dai ciki ɗaya ne ko'ina.

To, ina abin kunyar ya ke? Ga misali. Manoma biyu suka tashi daga Jandutsi rana ɗaya, kowa da buhunan albasarsa, suka sayar a Aliero. Da azahar na farko ya duba rumfar da aka rufe tukwanenta, ba ƙuda, ruwan wanke kwano kuma mai tsabta, ya ci shinkafa da wake da zafinta, ya yi hamdala. Sa'an nan ya biya wurin mai tsire, ya ce a ƙunshe masa, ya sa a aljihu bai taɓa ba.

Na biyu kuwa da ya ji aljihu ya yi nauyi, sai ya kira abokai, ya ce a kawo kaza, a ƙaro balangu, a buɗe lemo. Aka yi ta ce masa Alhaji, alhali ko Sakkwato bai taɓa wucewa ba. Da ya isa gida yara suka tarye shi suna cewa, "Baba, ina tsaraba?" Ya daka musu tsawa. Uwargida ta kawo tuwo da miyar da ba ta ga nama ba tun Sallah, ya ce ya ƙoshi. Ita dai ta ji ƙanshin yaji a rigarsa, ta ɗauke kwanon ba ta ce uffan ba. Ga shi kuwa wata huɗu cur ita da 'ya'yanta suna jiran kuɗin albasar nan.

Dukansu biyu a kasuwa suka ci, amma ɗaya ne kawai ya yi abin kunya. Wanda tafiya ta kai shi nesa da gida, yunwa ta kama shi, ya ci halalinsa a rumfa mai tsabta, babu mai zarginsa. Abin da magabata ke gudu shi ne mutum ya saba da daɗin waje, ya mance da tukunyar gidansa. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Allah ya sa mu zama masu tuna iyali, amin.