Kuɗin da Suka Yi Ɓatan Kai

Fanka na saya, mai caji, ana tsakiyar zafin Afrilu. Naira 38,000. Na kai ta gida, ta yi juyi uku ta tsaya, kamar wadda ta tuna wani abu. Washegari na mayar da ita kantin. Ban je da niyyar faɗa ba, amma na tanadi murya.

Ba a buƙaci muryar ba. Yaron kantin ya jona ta, ya ga gaskiyata, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, irinta ta ƙare. Kawo lambar asusu." Ya danna, muka tsaya muna kallon ɗan zoben nan yana juyawa a fuskar waya. Can ya ce bai tafi ba, netwok ne. Ya jawo durowa ya ƙirgo mini kuɗina a hannu. Na fito ina yaba tarbiyyarsa.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare waya ta yi ƙara. Alat ne. Naira 38,000, daga kantin.

Ka san ƙarar nan. Iri ɗaya take yi ko albashi ne ya shigo, ko gudummawar biki, ko kuskuren wani. Zan gaya maka abin da na fara yi, tunda mu biyu ne a kan bencin. Ban yi salati ba. Na duba abin da ya rage a asusun, na ga ya ƙaru, na sake dubawa. Sannan na kife wayar a ƙarƙashin matashi.

Da kuskuren ta ɗaya gefen ya zo, na san hanya. Kowa ya san ta. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 aka bar mutane suna kwana a layin banki, muka haddace jimla guda: an cire mini, bai shiga ba. Mutum ya tsaya a kan mai POS har rana ta karya, ya riƙe rasit kamar takardar gado. Akwai wanda bai san shekarar haihuwar ɗansa ba, amma ya san Babban Banki ya ce tun 2020 a warware irin wannan cikin awa 72. Awannin da ake ba mutum ya mayar da abin da ya shigo masa bisa kuskure kuwa, ban taɓa jin wanda ya haddace ba. Nawa dai sun kai kwana tara.

A rana ta biyu na kai maganar teburin mai shayi. Na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Kowa ya gane abokin, ba wanda ya tona.

Telan layinmu ya ce rabo ne, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wani ya ce kantin babba ne, hawa biyu, ba za su ma ji a jikinsu ba. Mai shayin ya zo da lissafi: sau nawa aka hana ka canjin naira hamsin aka miƙo maka alawa biyu? Tara su, in ji shi, ka ga wa ke bin wani. Wani matashi ya ce a jira kawai. In sun kira a mayar, in ba su kira ba sun yafe. Na lura wannan ce mazhabar da ta fi mabiya a teburin, mazhabar jira. Ba ta ce ka ci ba, ba ta ce ka mayar ba. Ta bar wa wayarka hukunci.

Sai wani da ya ɗan taɓa karatun zaure ya ce ai tsintuwa ce, kuma hukuncinta na nan a Risala: a yi cigiya shekara guda. Wannan fatawar ta yi mini daɗi. Shekara guda ba kusa ba ce. Ina cikin jin daɗin wani dattijo da ke gefe, wanda tun ɗazu burodinsa kawai yake tsomawa, ya ce, "Tsintuwa ai abin da ba a san mai shi ba ne. Wannan alat ɗin bai zo da suna ba?"

Ya zo da suna. Da manyan baƙaƙe ma.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A watan Mayun 2021 kamfanin Crypto.com ya tashi mayar wa wata mata a birnin Melbon na Ostareliya dala 100 ta ƙasar. Ma'aikaci ya rubuta lambar asusu a gurbin da ake rubuta adadin kuɗi, sai kusan dala miliyan 10.5 suka tafi. Kamfanin bai farga ba sai bayan wata bakwai, da aka zo binciken littafi. Kafin nan an sayi gida na dala miliyan 1.35. Kotu ta ce a sayar da gidan, matar kuma ta ɗanɗani gidan yari. Da na ba da labarin, teburin ya haɗu a kan cewa ta yi wauta. Na tambayi wace wautar. Suka ce sayen gida, abin da ba ya ɓoyuwa.

Manya ma haka suke. A watan Agustan 2020 bankin Citibank na Amurka ya tura kusan dala miliyan 900 bisa kuskure ga masu bin kamfanin Revlon bashi, alhali lokacin biya bai yi ba. Wasu suka mayar. Wasu suka riƙe kimanin miliyan 500 suka ce sai kotu. Alƙalin farko ya ce su riƙe, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022. Mazhabar jira ce dai, sai dai tasu da lauyoyi da kwat.

Mu kuma namu labarin da muke ji da shi na ɗan adaidaita sahun nan ne na Kano, wanda a 2023 ya ji cigiya a rediyo ya mayar wa wani fasinja daga Chadi kuɗin da suka kai naira miliyan 15. An yabe shi, ya cancanci yabo, an yi masa kyaututtuka. Amma ni na daɗe ina zargin cewa miliyan 15 suna da wani taimako da dubu 38 ba su da shi. Suna zuwa da tsoro. Suna cikin ƙunshi, suna da nauyi, ba sa barin mutum ya yi barci. Dubu 38 kuwa lafiya lau suke kwana da kai.

Kuma ba sa zama a gefe guda. Wannan ne abin da ban sani ba sai da ya same ni. Kuɗin da ka tsinta a hanya kana iya ɗaure su a leda ka jefa bayan akwati, su zauna da fuskarsu. Na asusu narkewa suke yi, kamar gishiri a miya. Rana ta uku na sayi data. Rana ta huɗu na cika tukunyar gas. Rana ta shida aka aiko daga makarantar yara. Ban taɓa cewa bari in ci kuɗin kantin ba, ko sau ɗaya. Na dai duba a rana ta bakwai na ga abin da ya rage bai kai 38,000 ba, na rasa wace nairar ce tawa a cikin waɗanda suka tafi.

Ba wa'azi ne ya tashe ni ba. Uwargida ce, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kai kana ganin mai kantin ne zai biya?"

Na yi shiru, don na san yadda ake rufe kanti. Da magariba a ƙirga durowa, a gwada da littafi. Abin da ya yi giɓi ba ya hawa bene wurin Alhaji. A ƙasa yake tsayawa, a kan wanda hannunsa ya taɓa kuɗin. Duk kwanakin nan ina auna dubu 38 da ginin kantin, da gilasansa, da injin da ke ruri a bayansa. Ban auna su da yaron ba. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun 2024, kuma yaran kanti da yawa labarinsa kawai suke ji. Ko da cikakken ake ba shi, abin da ke asusuna ya haura rabin watansa.

Rana ta tara na ciko kuɗin da rance na tafi. A hanya na shirya 'yar magana, gajera, mai nuna cewa ba wani abu ba ne. Na tanadi fuskar karɓar godiya kamar yadda na tanadi murya a zuwan farko.

Ita ma ba a buƙace ta ba. Yaron ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya ce, "E, mun gani tun washegari, Baba. Lambar asusunka kawai muke da ita, ba mu da ta waya." Na tura masa, wannan karon ya tafi nan take. Ya ce, "Allah ya saka da alheri," ya juya ga wata mata da ke tambayar kuɗin dutsen guga.

Na ɗan tsaya. Na tambaye shi ko an taɓa masa albashi. Ya ce wata ya ƙare a tsakani, an fara cire dubu goma, sauran a hankali. Na ce to yanzu ai sai a mayar masa. Ya ce sai Alhaji ya dawo daga tafiya.

A adaidaita na yi nawa lissafin. Banki ya cire naira 50 na haraji ranar da kuɗin suka shigo, ya sake cire ladan turawa ranar da suka fita, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Fanka kuma har yau ban saya ba.