Baƙaƙen da ba a karantawa

Farin 1974 ne ya koro mana wani tela daga Dogonduci. Ya kafa kekensa a wani zaure kusa da kasuwar Kambaza, inda ƙaurin gawayin dutsen guga ke gauraya da warin albasar da ake shanyawa a waje. Ya ɗan taɓa lakwal a can ƙasarsu, don haka in ɗinki ya yi sauƙi bayan la'asar, sai ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta mana Faransanci da tsinke.

Mu kuwa 'yan firamare, an hore mu da cewa duk baƙin da ido ya gani sai baki ya biya shi. Ya rubuta beaucoup, muka haɗa baki muka ce "biyawukup". Dariya har da riƙe ciki. "Boku, 'ya'yana, boku! Ku bar na ƙarshen nan, kwana shikai." Haka Paris ta koma Pari, petit ya zama peti. Ya ce c, f, l da r galibi su kan fito fili, kamar a sac da neuf, amma dokar ma tana da 'yan lele: r ɗin monsieur ba ya motsi. Da muka ji abin da yaran Nijar ke kiran malaminsu da shi ke nan, mushe, ranar karatu bai yiwu ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne mai barcin nan yana farkawa. S ɗin les shiru yake, amma da wasali ya biyo baya, kamar a les amis, sai ka ji lezami. Wani almajiri da ke jiran a yi wa rigarsa faci ne ya warware mana. Ya ce ai a allo ma akwai alif da ke bin wawu, ana rubuta shi ba a karanta shi, akwai kuma lam da ke ɓacewa a gaban shin. A ƙasar Gwandu, inda yaro ke fara wanke allo kafin ya ga alli, wannan bayani ya fi na kowane littafi shiga.

Yanzu jikana da waya yake koyo, abin ji toshe da kunnuwa. Tana gyara masa lafazi tsaf, ba ta gajiya, ba ta kuma yi masa dariya. Nijar ɗin ma a 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. Da na ba jikan nawa labarin zauren, tambayarsa ɗaya ce: nawa telan yake karɓa a wata?